Tsarin Ƙwayoyin Gado a Kuloroflas da Muƙabalar Jerinsu: Hujja a kan Nasabar Shinkafar Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Wannan maƙala tana bayani a kan sinadarin gado na DNA da ke cikin kuloroflas, wato koren gurbin da tsiro yake haɗa abincinsa a ciki, da yadda ƙwayoyin gado suke jere a kansa, da kuma ƙa'idojin da masana suke bi wajen muƙabalar jerin wani tsiro da na wani. Daga nan ta juya ga shinkafar ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga, ta nuna cewa wannan sinadari shaida ne adali a kan nasabar iri ta wajen uwa, amma shaida ne guda ɗaya tak, wanda ba a yanke hukunci da shi sai an haɗa da waninsa. Ta kammala da kira a tattara tsofaffin irin manoman gaɓa tun suna hannu.

Muƙaddima



Duk wanda ya san ƙasar Yauri ya san cewa tun da aka kammala madatsar Kainji a shekarar 1968, tafki ya cika, ruwa ya haɗiye tsibirai da fadamu, aka tashi mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa masu yawa, aka sake musu matsuguni, noman wannan yanki ya shiga wani hali dabam. Kogin Neja yana kawo wa wannan gaɓa ambaliya biyu a shekara: farin ruwa na daminar ƙasarmu, wanda yake zuwa da laka wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana cikin hunturu. Waɗannan fadamu na Mali da baƙin ruwa yake ratsawa, su ne jumhurin masana suke ɗauka a matsayin mahaifar shinkafar Afirka, saboda haka manomin Yelwa ko na Wara yana zaune ne a kan hanyar da ta fito daga tushen wannan hatsi kai tsaye.

A kwarin Neja da fadamun Rima jinsi huɗu na shinkafa suke haɗuwa. Akwai ta Afirka, Oryza glaberrima, wadda kakanni suka gada. Akwai ta Asiya, Oryza sativa, wadda ta zo daga baya har ta rinjayi kasuwa. Akwai kuma na daji guda biyu, Oryza barthii mai shekara ɗaya mai dogon gashi a kan ƙwaya, da Oryza longistaminata mai saiwar da take rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, wadda take wahalar da mai noma domin ko an nome ta sai ta sake tohowa. Mas'alar da za mu duba ita ce: da wace hujja za a tabbatar da nasabar kowane iri, idan kamanni sun rikice, sunaye kuma sun saɓa daga ƙauye zuwa ƙauye?

Fasali na Ɗaya: Yadda Aka Gano DNA na Kuloroflas

A shekarar 1909 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Carl Correns da Erwin Baur, kowannensu a kan tsiron da yake nazari, suka lura cewa gadon rodi-rodin fari da kore a ganye ba ya bin ƙa'idojin gado na Mendel. Correns ya ga cewa a furen da ya gwada 'ya'ya suna ɗauko launin reshen da ya ɗauki ƙwaya, ko daga ina garin fure ya fito, abin da ya nuna lalle akwai wani gado da yake zaune a wajen cibiyar ƙwayar halitta. Kafin wannan, a 1905, Mereschkowsky na ƙasar Rasha ya riga ya kawo ra'ayin cewa asalin kuloroflas wata ƙaramar halitta ce mai zaman kanta wadda ta shiga cikin wata ƙwayar suka zauna tare, ra'ayin da aka yi watsi da shi zamani mai tsawo, sai da Ris da Plaut suka ga zaren DNA a cikin kuloroflas a 1962, Lynn Margulis kuma ta farfaɗo da maganar a 1967, sa'an nan malaman fannin suka karɓe shi.

Babban buɗi ya zo a 1986, lokacin da ƙungiyoyi biyu a ƙasar Japan suka karanta jerin gaba ɗaya: ta Sugiura a Nagoya ta karanta na taba, ta ba da adadin harafi 155,844, ta Ohyama a Kyoto kuma ta karanta na wani ƙaramin tsiron damshi mai suna Marchantia, harafi 121,024. A 1989 Hiratsuka da abokan aikinsa suka fitar da na shinkafa, harafi 134,525, a 1995 kuma Maier da jama'arsa suka fitar da na masara, harafi 140,387. Abin da ake nufi da harafi a nan shi ne ɗaya daga cikin sinadarai huɗu da ake yi wa alama da A, C, G da T, waɗanda jeruwarsu ita ce saƙon gado.

Fasali na Biyu: Tsarin Ƙwayoyin Gado

Abu na farko da ya ba masana mamaki shi ne, ko da yake taba da Marchantia sun yi nisa da juna iyakar nisa, fasalin taswirarsu ɗaya ne. Ana zana ta a matsayin da'ira mai sassa huɗu: babban sashe tilo, ƙaramin sashe tilo, da tagwayen sassa biyu da suka raba tsakaninsu, waɗanda harafinsu ɗaya ne sak, sai dai ɗaya yana karantuwa ta gaba, ɗayan ta baya. A shinkafa babban sashe harafi 80,592 ne, ƙarami 12,335, kowane ɗaya daga tagwayen kuma 20,799. A masara 82,355 da 12,536 da 22,748. A taba kuwa 86,684 da 18,482 da 25,339. Da'irar taswira ce kawai, domin bincike na baya ya nuna cewa a cikin rayayyen ganye ana samun zaren a miƙe, ana kuma samunsa da rassa.

Ƙwayoyin gadon da ke kai ba su da yawa, tsakanin 110 da 130 ne a mafi yawan tsirrai, alhali kuwa 'yan uwan kuloroflas masu zaman kansu a ruwa suna da dubbai; sauran sun ɓace ko sun ƙaura zuwa cibiya. Waɗanda suka rage kashi biyu ne a dunƙule. Kashi na farko na aikin haɗa abinci da hasken rana ne, kamar psbA, da rbcL wanda yake ba da babban ɓangaren rubisko, furotin da yake kama iskar kabon. Kuma abin lura ne cewa rubisko ɓangare 16 ne, takwas manya daga kuloroflas, takwas ƙanana daga cibiya, ta yadda ba ya haɗuwa sai gidajen gado biyu sun yi aiki tare. Kashi na biyu na injin karanta saƙo ne da ƙera furotin, wato ƙwayoyi huɗu na RNA ɗin ribosom, waɗanda suke zaune cikin tagwayen sassa, da kimanin 30 na RNA mai dakon sinadaran gina furotin.

Da aka ɗora taswirar shinkafa a kan ta taba, sai aka ga cewa a babban sashe akwai wurare uku da jerin ya kife, mafi girmansu ya kai kimanin harafi 28,000, aka kuma ga ƙwayoyi uku da taba take da su, accD da ycf1 da ycf2, sun lalace ko sun ɓace a shinkafa, wanda shi ne babban dalilin gajartarta. Wannan kifewa tana nan a masara da alkama da dawa, domin tambari ce ta dangin ciyawa baki ɗaya. Doyle da abokansa sun nuna a 1992 cewa babbar kifewar ta haɗa ciyawa da wasu dangogi na kusa da ita, mafi ƙanƙanta kuwa ta keɓanta ga ciyawa kaɗai. Hujja irin wannan tana da ƙarfi ƙwarai, saboda abu ne mai wuya kifewa mai iyakoki iri ɗaya ta auku sau biyu a zuriya biyu dabam.

Sauran amfanin gonarmu ma suna da nasu darasi. Yawancin dangin wake suna ɗauke da wata kifewa ta kimanin harafi 50,000, wani reshe nasu kuma, wanda ya haɗa da fis ɗin Turawa da alfalfa, ya rasa ɗaya daga cikin tagwayen sassa ɗungurungum, alhali wakenmu da gyaɗa suna riƙe da duka biyun. Tsiron Epifagus na Amurka, ɗan dangi ɗaya da ƙudujin da yake cinye mana dawa da gero, da yake ya bar haɗa abinci ya dogara ga saiwar wani, an tarar a 1992 cewa jerinsa ya ragu zuwa kimanin harafi 70,000, ƙwayoyin aikin haske kuma sun tafi. Ƙa'idar da ta fito a nan ita ce, ƙwayar da ake bukata ana kiyaye ta, wadda aka daina bukata kuwa tana zagwanyewa a hankali.

Fasali na Uku: Usulin Muƙabala

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan aiki a wata siga. Idan aka sami kwafi da yawa na littafi ɗaya rubutun hannu, sai a jera su a yi muƙabala layi bayan layi, inda duk aka ga kwafi biyu sun yi tarayya a kuskure ɗaya, kamar tsallake kalma ko musanya harafi a gurbi guda, sai a hukunta cewa daga uwa ɗaya aka kwafo su, domin tarayya a daidai ba ta nuna komai, tarayya a kuskure ita take nuna silsila. Haka mai nazarin DNA yake yi: yana jera jerin tsirrai a kwamfuta, harafi a ƙarƙashin harafi, yana neman musanya, da ragi ko ƙari, da kifewa, da wuraren da harafi ɗaya ya maimaitu sau tara a wani iri, sau goma a wani.

Harafi guda yana iya zama da babban al'amari. A 1983 Hirschberg da McIntosh suka binciki wani ɗan uwan alayyafo da ya daina jin maganin ciyawa na atirazin, suka tarar cewa a ƙwayar psbA, inda mai jin magani yake da AGT, shi yana da GGT. Wannan musanya ta A da G ta sauya sinadari ɗaya a gurbi na 264 na furotin, maganin ya rasa inda zai kama, kuma da yake abin a kuloroflas yake, taurin kan yana bin ƙwayar uwa ne, garin fure ba ya yaɗa shi.

Sharaɗin muƙabala shi ne a san saurin canjin kowane wuri. Wolfe da Li da Sharp sun auna a 1987 cewa jerin kuloroflas yana canjawa a hankali, bai wuce rabin saurin na cibiya ba, tagwayen sassa kuma sun fi sassan tilo jinkiri da kusan ninki uku, saboda kowane ɗayansu yana gyara ɗan uwansa. Don haka mai neman alaƙar manyan dangogi yakan ɗauki ƙwaya mai jinkiri kamar rbcL, kamar yadda Chase da jama'a masu yawa suka yi a 1993 da jeri kusan 500, aikin da ya share fagen sabon rabon tsirrai masu fure na 1998. A 2009 kuma aka yi ittifaƙi a kan ƙwayoyin rbcL da matK su zama alamar tantance tsirrai ta duniya. Amma ga jinsuna makusanta irin na shinkafa waɗannan biyu ba su wadatar ba, domin bambancin da ke cikinsu kaɗan ne ainun. Wajibi ne a koma ga filayen da ke tsakanin ƙwayoyi, ko a karanta da'irar gaba ɗaya, abin da injunan zamani suka sauƙaƙa.

Fasali na Huɗu: Shinkafar Gaɓar Kainji a Ma'auni

Manomi ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya rarrabe shinkafar Afirka da ta Asiya a mafi yawan lokaci. Idan ya ja ganye baya ya dubi mahaɗarsa da kara, zai ga wani ɗan siririn harshe: a ta Afirka gajere ne mai da'irar baki, a ta Asiya dogo ne mai tsini, sau da yawa a tsage biyu. Zangarniyar ta Afirka takan tsaya a miƙe da 'yan rassa kaɗan, ƙwayarta galibi ja ce a ƙarƙashin ƙaiƙayi, tana saurin zuba idan an yi jinkirin yanka, ga ta kuma da jimirin zurfin ruwa da danne ciyawa. Inda ido yake gazawa shi ne wajen iri masu kamanni tsaka-tsaki, da wajen sanin wane iri ya fito daga wane.

A nan ne muƙabala take da fa'ida uku. Ta farko, tabbatar da jinsi: Wambugu da abokansa sun gwada cikakken jerin kuloroflas na shinkafu makusanta a 2015, suka ga ta Afirka ta zauna tare da Oryza barthii a reshe ɗaya, nesa da reshen ta Asiya. Wannan ya dace da ra'ayin Roland Portères na Faransa, wanda tun tsakiyar ƙarni na 20 ya ce mutanen Afirka ta Yamma su suka hore shinkafarsu daga ta daji a fadamun Neja na Mali, ya kuma dace da ƙonannun ƙwayoyin da masu haƙar tarihi suka tono a Dia da Jenne-jeno. Binciken cibiya na Wang a 2014 da na Cubry a 2018 sun ƙarfafa batun kogin Neja, ko da yake Choi da jama'arsa a 2019 sun ga cewa horewar ta faru ne a wurare fiye da ɗaya, saɓanin da samfuri daga tsakiyar kogi, irin na Yauri da Shanga, zai taimaka wajen warware shi.

Ta biyu, rarrabe zuriyoyin ta Asiya, wato indika da jafonika. Tun 1993 Kanno da abokansa suka nuna cewa yawancin irin indika sun rasa harafi 69 a wani gurbi da ake kira ORF100, alhali irin jafonika suna da su cikakku. Gwaji ne mai sauƙi: a ninka wannan gurbi da injin PCR, a tura shi cikin kaurin ruwan agaros da wutar lantarki, gajeren yanki ya riga dogo gudu, a ga layi biyu a matsayi dabam. Da shi za a iya tantance zuriyar uwa ta irin da suka shigo Nijeriya, tun daga BG 79 na Giyana wanda ya zama FARO 1, har zuwa FARO 44 da manoma suke kira Sipi.

Ta uku, gano barbara tsakanin jinsuna. Ɗan da aka samu tsakanin ta Afirka da ta Asiya garin furensa bakarare ne kusan gaba ɗaya, amma wani lokaci yakan karɓi garin fure daga maƙwabta ya yi 'yan ƙwayoyi, idan kuma aka ci gaba haka zuriya bayan zuriya, sai a wayi gari da tsiron da cibiyarsa ta wani jinsi ce, kuloroflas ɗinsa na wani. Nuijten da abokansa sun ba da rahoto a 2009 cewa sun sami iri masu gauraye a gonakin manoma a Saliyo da Gini Bisau da maƙwabtansu, waɗanda manoma da kansu suka zaɓa suka raya.

Fasali na Biyar: Iyakar Wannan Hujja

Adalci ya wajabta a faɗi inda wannan shaida yake tsayawa. Iyaka ta farko, ba ya ganin uba. NERICA 1, wanda ake kira FARO 55 a Nijeriya, ɗaya ne daga cikin irin da Monty Jones na Saliyo ya samar a hukumar WARDA cikin shekarun 1990, aikin da ya jawo masa kyautar abinci ta duniya a 2004. Bisa nasabarsa da aka rubuta, uwarsa WAB 56-104 ce ta Asiya, ubansa CG 14 na Afirka, saboda haka wanda ya dubi kuloroflas kaɗai zai ce ɗan Asiya ne tsantsa, ya ɓatar da gadon Afirka da ke cibiyarsa. Iyaka ta biyu, dukan da'irar ana gadonta ne a dunƙule ba tare da cuɗanya ba, don haka ko an karanta harafi 134,000, riwaya ɗaya aka ji. Iyaka ta uku, akwai guntayen jerin kuloroflas da suka ƙaura cikin cibiya, har a kuromosom na 10 na shinkafa an sami wani mai kimanin harafi 131,000, wanda mai gaggawa zai iya karantawa ya zaci na asali ne. Kuma gadon uwa ba ƙa'ida ce ta dukan tsirrai ba, domin a itatuwan fayin ta wajen uba yake bi.

Kammalawa

Abin da ya tabbata daga bayanan da suka gabata shi ne, tsarin ƙwayoyin gado na kuloroflas yana warware nasabar manyan dangogi, cikakken jerinsa yana warware ta jinsuna makusanta, amma hukunci a kan iri guda ba ya inganta sai an haɗa shi da shaidar cibiya, da siffar tsiro, da bayanin manomin da ya gaje shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ingantaccen iri ya ƙara yaɗuwa a jihar Kebbi, wanda alheri ne ga rumbu, sai dai duk irin gargajiyar da manomi ya daina ajiyewa ba ya dawowa.

Saboda haka shawarar wannan maƙala uku ce. A bi gaɓa daga Shanga zuwa Yelwa, Birnin Yauri da Wara lokacin kaka, da izinin masarauta da yardar masu gona, a karɓi zangarniya da ɗanyen ganye a busar da shi cikin ƙwayoyin silika, a rubuta sunan iri da harshen mai shi, ko Hausa ko Gunganci ko Kambarci, da zurfin ruwan da yake jurewa, a haɗa har da shinkafar daji ta bakin gona. A ajiye kwafin kowane iri a Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi da ma'ajiyar iri ta ƙasa da ke Ibadan, a bar wani a hannun al'ummar da ta bayar. Jami'o'in Aliero, Birnin Kebbi, Zuru da Sakkwato kuma su horar da ɗalibansu aikin muƙabala, domin jerin shinkafa da masara da taba da muka ambata duk suna cikin rumbun GenBank kyauta, kwamfuta da intanet sun isa a fara. Ina roƙon malamai su ɗora ɗalibansu a kan wannan aiki.